Bayin da Ba Su da Suna: Yadda Ake Karanta Shaihu Umar a Aji

A watan Yulin 2023 hukumar ilimi ta jihar Fulorida a Amurka ta amince da sabon tsarin koyar da tarihin baƙar fata. A cikinsa akwai wani layi da ke neman a nuna wa ɗalibai cewa wasu bayi sun koyi sana'o'in da suka amfane su daga baya. Ƙasar ta ɗauki zafi a kan wannan layi ɗaya. Kafin nan, a 2015, wata uwa a jihar Tekzas ta tarar littafin labarin ƙasa na ɗanta ya kira mutanen da aka kwaso daga Afirka cikin sarƙa da sunan ma'aikata. Ta yi magana, kamfanin da ya buga littafin ya ba da haƙuri. A Faransa kuwa dokar Taubira ta 2001 ta ayyana cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama, ta kuma wajabta a ba shi gurbinsa a manhajar makarantu. Shekara huɗu bayan haka majalisar ƙasar ta yi wata doka mai cewa a koya wa yara alherin da zaman Faransa a ƙasashen da ta mallaka ya kawo, sai da malaman tarihi suka tayar da ƙura aka soke wannan sashe a 2006.

Mu da ke aiki a gidajen rediyo mukan karanta irin waɗannan labarai cikin labarun duniya, masu sauraro su bugo waya su yi tir da Turawa. Tir ɗin kuwa yana kan hanya. Sai dai Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka tambayi yaron da ya gama kolej a Maraɗi ko Damagaram abin da ya sani game da bauta, zai ambata maka tsibirin Gore da jiragen ruwa da gonakin rake na Amurka. Ɗan Kumasi zai ce maka Elmina da Kef Kos. Da wuya ka ji wanda zai ce Kasuwar Kurmi ta Kano, ko Salaga, ko hanyar da ta ratsa Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus. Alhali muna da littafi cikin harshenmu, ɗan ƙarami, wanda tun daga farkonsa har ƙarshensa a kan wannan hanya yake tafiya, kuma ya daɗe yana cikin littattafan da ake karantawa a makarantun Arewacin Nijeriya. Shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda za a yi yaro ya karanta wannan littafi har ya ci jarrabawa a kansa, amma ya fito bai san ya karanta labarin bauta ba.

Littafin da zamaninsa

An rubuta Shaihu Umar ne don shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucin a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗoriya, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Bauci. An haife shi a 1912, kuma ba daga gidan sarauta ya fito ba.

Waɗannan shekaru suna da muhimmanci ga mai son fahimtar littafin. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Amma ba ta ƙwace bayin da ke hannun iyayengijinsu ba. Wanda ke son ƴancinsa sai ya yi murgu, ya riƙa biya har ya fanshi kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ke nan ranar da littafin ya fito daga maɗaba'a akwai mutanen da doka ba ta gama raba su da sunan bayi ba. A ɓangarenmu na Faransa dokar da ta hana mayar da mutum bawa ta fito ne a watan Disambar 1905, ita ma ta daɗe tana kan takarda kafin ta isa ƙauyuka da rugage.

Saboda haka Ɓalewa bai ɗauko labarinsa daga wani zamani mai nisa ba. Dattawan da ya tashi a gabansu sun ga hari da idonsu. A cikin masu karanta littafin a 1934 akwai ƴaƴan waɗanda suka kai hari, akwai ƴaƴan waɗanda aka kama, wataƙila a benci ɗaya.

Labarin a taƙaice

Shaihu Umar babban malami ne da ya zauna a Rauta, kusa da Bauci. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani na hannun daman sarki. Sarki ya tura hari, Makau ya dawo da bayi, fadawa masu hassada suka yi masa ƙage cewa ya ɓoye wasu bai kawo gaban sarki ba, aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani uwar ta bar yaron a hannun amana ta tafi ganin iyayenta, wani mutum ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, wasu mutane suka tsinci yaron suka riƙe shi, mahara suka sake kwashe shi, ya faɗa hannun Gumuzu, aka kai shi Kano. A nan wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya mai da shi ɗa, ya tafi da shi ƙasarsu, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama neman ɗanta. Wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa ya yaudare ta, ta zama baiwa, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. Bayan shekaru masu yawa suka haɗu, ba da jimawa ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayari, Umar ya tsira, ya ƙare a Rauta yana karantarwa.

Mai karatu ya ƙirga da kansa. Sau huɗu labarin yake juyawa, kuma kowane juyi bauta ce ta kawo shi: rabon bayi ne ya kada Makau, neman abin sayarwa ne ya sa aka sace yaro, hari ne ya kai shi Kano, bauta ce ta cinye uwar. In ka zare ta daga littafin, babu abin da zai rage sai malami zaune a kan buzu ba shi da labarin bayarwa.

Abin da ake fitarwa a matsayin jigo

Duk da haka, in ka saurari yadda aka saba yi wa littafin sharhi, jigon da ake fitarwa shi ne haƙuri, da yarda da ƙaddara, da darajar ilimi, da sharrin hassada, da ƙaunar uwa ga ɗanta. Babu ƙarya a cikin wannan, duk suna cikin littafin. Matsalar ita ce an ɗauki waɗannan an sa su gaba, an mayar da bauta tamkar yanayin gari, kamar zafin rana ko ƙishirwar Sahara, abin da ke faɗo wa mutum daga sama ba tare da hannun kowa ba. Kura ta ci ɓarawo, guguwa ta binne ayari, mahara sun kwashi ƙauye, duk a jera su a layi ɗaya a ce jarrabawa ce. To amma kura dabba ce, guguwa iska ce. Mahari mutum ne da ya yi shiri, ya ɗaura sirdi, ya san farashin yaro a kasuwa, kuma akwai sarkin da ke jiran kasonsa.

Wurin da wannan karatu ya fi yin ɓarna shi ne babin Makau. Ana koya wa ɗalibi ya tausaya wa Makau don an zalunce shi, kuma lalle an zalunce shi. Amma a kan me aka yi masa ƙagen? A kan adadin mutanen da ya kamo. Gardamar da aka yi a fada ita ce ko ya kawo su duka ko ya rage. Ba wanda ya tambayi su wane ne, daga wane gida aka fizgo su, wa suka bari yana kuka. Ba su da suna a littafin, ba su da magana, da an gama ƙirga su sai labari ya wuce. Makau mutumin kirki ne a idon labarin, mai gaskiya da riƙon amana, kuma sana'arsa ita ce ya yi wa ƴaƴan wasu abin da aka zo aka yi wa agolansa. Littafin ya ajiye waɗannan abubuwa biyu kusa da juna, shafuka kaɗan ne tsakaninsu, bai ce komai ba. Malamin da ya wuce wurin shi ma bai ce komai ba ya bar darasi mafi girma a ƙasa.

Ko Ɓalewa da gangan ya yi wannan shiru, ko kuwa idon zamaninsa ne da bai ga abin tambaya a wurin ba? Ana iya kare kowane ɓangare. Ni dai abin da na gani a rubutun shi ne iyakar da labarin ya ja a fili take: abin da ya ɗauka zalunci shi ne a bautar da wanda bai cancanta ba, wato ɗa Musulmi kamar Umar da mahaifiyarsa. Wannan iyaka tsohuwa ce a ƙasashenmu. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayin da ake kawo musu daga kudu, ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, kuma mutanen Kano da Katsina da Barno da Songai Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Fatawa ce mai ƙarfi a zamaninta. Haka nan cikin abubuwan da suka hura wutar rikici tsakanin jama'ar Shehu Usmanu da Yunfa Sarkin Gobir akwai kama mutanen Gimbana da aka yi, aka biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama'a suka kwance su. Amma iyakar da ta kare wasu ita ce ta bar wasu a waje, kuma sau da yawa mai takobi ne ke yanke hukuncin wanda ke ciki da wanda ke waje. Bayin Makau suna waje. Ɗalibin sakandare ya isa a nuna masa wannan iyaka, a bar shi ya yi tunani a kanta.

Hanyar ɗa da hanyar uwa

Gwanintar littafin, a ganina, tana cikin yadda ya tura mutum biyu a kan hanya ɗaya suka sami sakamako daban. Ɗa ya ratsa Sahara ya zama shaihi. Uwa ta ratsa ta ta zama kaya.

In aka tsaya a kan hanyar ɗan kaɗai, abin da za a fitar bai da nisa da layin nan na Fulorida da muka yi wa tir: ga yaro an kama shi, amma dubi ilimin da ya samu, da bai bar Kagara ba da wa zai san shi? Abdulkarim ya zama uban kirki, bauta ta zama sanadin alheri. Masu cewa bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce suna son wannan rabin littafin ƙwarai. Sai dai Umar ɗaya ne aka zaɓa daga cikin taro. Sauran da aka kama tare da shi fa? Alherin Abdulkarim ga yaro ɗaya bai hana shi ci gaba da fataucinsa ba, kuma ba mu ji Umar, bayan duk karatun da ya yi, ya tsaya ya tuhumi wannan fatauci ba. Wannan rauni ne a ginin tauraron. An yi shi salihi har ya zama ba ya tambaya.

Hanyar uwar ita ce ke rushe wancan karatu mai daɗi. Mace ce ɗiya, Musulma, matar aure, ba a kama ta a yaƙi ba. Duk sharuɗɗan da malamai suka gindaya suna gefenta, ba ɗaya da ya cece ta. Abin da ya bautar da ita shi ne ta fita ita kaɗai, ba ta da wanda zai tsaya mata, a ƙasar da mutum kuɗi ne. Nan littafin ya nuna abin da doka a takarda ba ta iya nunawa: inda duk aka buɗe kasuwar mutane, iyakar da aka ja ba ta tsayawa inda aka ja ta. Kuma marubucin bai ba ta sakayya a duniya ba. Ta ga ɗanta, ta mutu. Saurayin da ke son ya wanke bauta da ba haka zai rufe labarinta ba.

Inda nake ganin littafin ya gaza mata shi ne murya. Duk abin da ya same ta ta bakin ɗanta muke ji, da irin natsuwar malamin da ke ba almajirai labari, sautin bai tashi bai sauka. Shekarun da ta yi a hannun mutane an taƙaita su, an bar mai karatu ya cike da kansa. Mace a cikin bauta tana fuskantar abin da namiji ba ya fuskanta, littafin kuma ya kawar da kai daga nan. Ana iya cewa kunya ce ta zamanin, da kuma sanin cewa yara ne za su karanta. Uzuri ne karɓaɓɓe ga marubucin 1934. Ba uzuri ba ne ga malamin yau.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Duk lokacin da aka taɓo wannan zance a rediyo ko a zaure, akwai hujjoji da ke fitowa, kuma bai kamata a raina su ba.

Ta farko ita ce tonon asiri. A garuruwanmu an san gidan kowa. In malami ya buɗe wannan babi a aji, yara za su waiga su kalli wani. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ne ma ya fi kowane nauyi. Amma yaran nan sun riga sun san kalmomin. Sun ji bawa da kuyanga da bacucane da dimajo a bakin manya, a wurin faɗa da wurin neman aure. Shirun makaranta bai hana su ji ba, ya dai bar su da zagin ba tare da tarihin ba. Yaron da aka nuna masa yadda aka mai da mahaifiyar Umar baiwa da rana tsaka zai gane cewa abin kunyar yana wuyan wanda ya kama, wanda aka kama ba shi da laifin komai.

Ta biyu ita ce za mu ba Turawa makami, su ce ai ku ma kun yi. Suna faɗar haka ko mun yi magana ko mun yi shiru. Mutum wajen miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, kusan miliyan biyu ba su sauka da rai ba, kuma a can aka ɗaura bauta a kan launin fata ta yadda jikokin jikoki ba su fita ba. Babu abin da ya faru a Kano ko Damagaram da zai rage nauyin wannan. Tarihin biyu ma a haɗe suke. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura Hausawa da yawa bakin teku, aka sayar da su zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil, inda suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814. Ba za ka iya ba yaro labarin waɗannan jarumai ba tare da ka gaya masa yadda aka yi suka bar gida ba.

Ta uku ita ce bautarmu daban ce: bawa yakan zama Shamaki ko Ɗan Rimi ko Sallama a fadar Kano, ƙwarƙwara takan haifi sarki, bacucane ɗan gida ne ba a sayar da shi. Akwai gaskiya a nan, kuma dole a koyar da ita, don bambancin yana da ma'ana. Amma bayin fada tsiraru ne. Mafi yawa suna rinji suna noma, ko suna ɗaukar kaya, ko suna kan hanyar kasuwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi a Daular Sakkwato, abin da ya sa ta cikin manyan ƙasashen bayi na ƙarni na 19. Kuma kafin a sami bacucane ɗaya da ya saba da gida, sai da aka fasa wani ƙauye aka kamo uwarsa ko kakarsa. Wanda ya nuna maka Shamaki ya ɓoye maka rinji ya yi irin abin da ya yi wanda ya nuna maka Umar ya ɓoye maka uwarsa.

Ta huɗu ita ce ana son a ɓata magabata da addini. Magabatan nan su ne suka fara gardamar, kamar yadda muka gani ga Ahmad Baba da zancen Gimbana. Girmama su bai hana a faɗi abin da ya auku a ƙarƙashin tutocinsu da bayan ransu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya rage a ƙasa

Da a ce abin ya wuce ne gaba ɗaya, da sai a ce gardamar malaman tarihi ce. A nan Nijar ba a sanya bauta cikin manyan laifuka masu hukuncin ɗauri ba sai 2003, bayan doguwar fafutikar ƙungiyoyi irin su Timidriya, wadda aka kafa a 1991. A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 ta zama wahaya a yankin Ƙonni. Bayan an ba ta takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida wai ta yi aure kan aure. Kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Tsakanin fitowar Shaihu Umar da wannan hukunci shekara 74 ne. Abin da littafin ya kawar da kai daga gare shi game da mace a hannun ubangida, shi ne aka karanta a gaban alƙalai a Yamai.

Ban da wannan akwai wanda ba ya zuwa kotu: binciken asali kafin a ba da aure, da wanda ba a yarda ya ja salla ko ya riƙe sarautar gari ba, da gonar da iyali suka noma shekara ɗari amma ba tasu ba ce. Yaron da zai zama alƙali ko ɗan majalisa ko limami gobe yana zaune a aji yau. In bai taɓa jin an kira abin da sunansa ba, ranar da aka kawo masa ƙara zai ce al'ada ce.

Abin da za a ajiye kusa da littafin

Shaihu Umar ƙagaggen labari ne, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Yana buƙatar abokan tafiya, kuma muna da su cikin Hausa. Akwai Dorugu, yaro daga Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana ƙarami aka yi ta sayarwa har Kukawa. A can Bajamushe Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, ya isa Ingila a 1855, ya ba Schön labarin rayuwarsa da bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912, shekarar da aka haifi Ɓalewa. Hanyarsa ta yi kama da ta Umar, sai dai shi ba ƙage ba ne, kuma ɗan ƙasarmu ne. Abin mamaki ne a ce ɗalibi a Damagaram ya san sunan Barth bai san na Dorugu ba.

Akwai Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta aka buga a 1954. Ita daga gidan masu rinji ta fito, ta faɗi yadda bayi ke aiki da yadda ake sace mutane a biya fansa, ta ɓangaren mace kuma ta ɓangaren masu mallaka. Akwai labarin Zabarmawa da Malam Abu ya rubuta da ajami wajen 1914, a kan hare-haren Babatu a ƙasar Gurunsi da ke arewacin Gana da kudancin Burkina Faso ta yau. Babatu ya rasu a Yendi a 1907. Wasu suna ambatonsa a matsayin jarumi, mutanen Bulsa kuwa har yau suna bikin Feok a Sandema suna tuna ranar da kakanninsu suka kore shi. Ɗalibin da aka ba shi waɗannan fuskoki biyu na mutum ɗaya ya fara koyon tarihi ke nan. Ga kuma fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a Balin a 2018, ga makarantar da ke da halin nunawa.

Tambayoyin da malami zai yi ba masu wuya ba ne. Mutum nawa aka bautar a cikin littafin, nawa ne muka san sunansu? Me ya bambanta Makau da Gumuzu? Wa ya ci riba a kowane kamu? Me ya sa ilimi ya ceci Umar amma ɗiyauci bai ceci mahaifiyarsa ba? Abu biyu ne kawai zan roƙi malami ya kiyaye. Kada ya taɓa tambayar yaro asalin gidansu, ko da wasa. Kada kuma ya sa yara su kwaikwayi kasuwar bayi a aji, wani ya zama mai saye wani ya zama kaya, don abin da aka yi da sunan wasa yakan bi yaro har gida.

Hukuncina a kan littafin shi ne ya fi yadda ake karanta shi. Yana da rauni: haɗuwar sa'a ta yi yawa, tauraronsa ba ya tambaya, an yi gaggawar rufe labarin uwar, bayin Makau kuma an bar su a matsayin lissafi. Amma saurayin da ya rubuta shi ya zaɓi batun da sauran abokan gasarsa ba su sa a gaba ba, a lokacin da masu abin suna raye suna kuma da iko. Ya kuma gina shi a kan malami da almajiransa suka tambaye shi daga ina ya fito, bai kore su ba, bai ce su bar tone-tone ba, ya zauna ya gaya musu cewa an taɓa sace shi, an taɓa kai shi kasuwa, mahaifiyarsa ta mutu a ƙasar da aka kai ta baiwa. Malamin Rauta bai ji kunyar faɗa wa almajiransa wannan ba. Namu malaman ma suna iya faɗa, in an ba su littattafan da goyon bayan iyaye da hukuma.

Allah ya ji ƙan waɗanda aka ƙirga ba a rubuta sunayensu ba, ya sa mu gyara abin da ya rage a hannunmu.